Gwangwanin Sista

Shekara ashirin da takwas ta yi tana aiki a asibiti, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙe allura ba. Aikinta wanki ne. Ɗakin wankin yana can bayan ginin, inda ake sauka da matakala bakwai, kuma duk zanin gadon da majinyaci ya kwanta a kai, duk tawul, duk rigar tiyata, ta hannunta suke bi. Ma'aikatan jinya ne suka laƙaba mata Sistar Wanki don tsokana, saboda yadda take tsare su a ƙofa tana zazzaga masu masifa idan suka cusa zanin ɗakin haihuwa da na ɗakin masu tari a buhu ɗaya. Da sunan ya fito daga asibiti ya nufi unguwa, sai wankin ya faɗi a hanya, ya rage Sista kawai. Ita kuwa ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiya ma dai daɗi take ji.

A ɗakin wanki dokarta ɗaya ce, kuma ta kori yara da yawa a kanta: zani sai ya cika minti talatin a tukunyar tafasa. Sabon ma'aikaci zai leƙa bayan minti goma ya ga zani ya yi fari tas, ya ɗauko sanda zai tsame, sai ya ji muryarta a ƙeyarsa tana tambayarsa ko idonsa ne agogo. Abin da ke kashe mutum a jikin zani, in ji ta, ba ya ganuwa, don haka farin zani bai dame ta ba.

Amma kunnenta bai tsaya a ɗakin wanki ba. Kullum da safe tana tura keken zannuwa ta tsakiyar ɗakunan marasa lafiya, tana jin abin da likitoci ke faɗa, tana ganin abin da ake shafa wa wane da abin da ake ɗura wa wance. A hankali ta tara sunayen cututtuka da na magunguna, wasu daidai, wasu a karkace. Ranar da ta yi ritaya abu uku ta koma gida da su: farin kallabi, ciwon baya, da wani gwangwanin biskit mai hoton furanni. A cikinsa take tara ragowar ƙwayoyi, bandeji, auduga, da man shafawa iri-iri. Gwangwanin yana saman kwabarta, kuma unguwa duka ta san da shi. Mai ciwon kai ya zo, mai ƙurji ya zo, uwar da ɗanta ya faɗi ta zo. Yawancinsu suna warkewa, kamar yadda yawancin ƙananan ciwuka ke warkewa ko an taɓa su ko ba a taɓa ba, amma Sista ake kai wa godiya.

Sarkin gwangwanin wani man shafawa ne mai jan layi a jikin kwalinsa, wanda take saye a shagon magani na bakin titi ba tare da kowa ya rubuta mata ba. Sha yanzu magani yanzu ne. Duk ƙaiƙayi, duk ja, duk borin fata, kwana uku ya kwantar da shi. Ba ta taɓa karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa ba. Idonta ma ba ya ganinsu, kuma a ganinta wanda ya shekara ashirin da takwas a asibiti ya wuce karanta kwali.

Jikarta tana da shekara shida lokacin da aka kawo mata ita. Sunanta aka sa wa yarinyar, don haka Takwara take kiranta, har kowa ya kama. Uwar yarinyar, 'yar Sista tilo, ta sami aiki a wata masaƙa a gari mai nisa, inda take kwana a ɗakin ma'aikata da ba a yarda da yara ba. Dangin mijinta sun so su riƙe yarinyar, amma ta kafe sai dai a kai wa Sista, kuma hujjarta ɗaya ce: Mama ta san asibiti. Sista ta ji wannan magana da kunnenta, ta kuma adana ta.

Takwara ba ta da jiki, ga surutu kamar rediyo, amma Allah ya ba ta gashi. Baƙi ne wuluk, mai cika, idan aka tsefe shi har gadon bayanta yake sauka. Uwarta a kan gashin nan take rayuwa. Duk Asabar da yamma za ta kira ta bidiyo, kuma kafin ta tambayi karatu ko abinci sai ta ce a juya mata kan ta ga kitson wannan makon. Sista ce ke yin kitson da kanta, a bakin taga, yarinyar na zaune a tsakanin ƙafafunta.

A nan bakin tagar ne, wata Asabar da safe tana tsifa, tsinkenta ya faɗa wani wuri a saman kunnen dama da babu gashi. Faɗinsa bai fi kwabo ba. Ya yi fari-fari kamar amosani, gefensa ya yi ja, gashin wurin ya kakkarye ya bar guntaye. Ta tambayi yarinyar ko yana mata ƙaiƙayi, ta ce tun shekaranjiya take susa. Sista ta yi tsaki kaɗan. Makero ne, ta gane shi, kuma a nan ba ta yi kuskure ba. Ta miƙe ta sauko da gwangwani.

Kwana uku, susa ta tsaya. Kwana biyar, jan ya baje, wurin ya yi laushi. Sista ta ja gashin gefe ta rufe shi, aka yi kiran Asabar lafiya lau. Har ta ba da labarin a tsakar gida, kuma da maƙwabciyarta Maman 'Yan Biyu ta nuna mata wani zobe mai ƙaiƙayi a damtsenta, ta ɗauko sabon kwali ta miƙa mata, ta ce safe da yamma, kafin mako ta manta da shi.

Mako biyu bayan ta daina shafa wa Takwara makeron ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Wurin farko ya ninka, wani ya fito a tsakiyar kai, wani a ƙeya. Sista ta ce ai ita ce ta yi saurin dainawa, ta koma shafawa, yanzu har sau uku a rana, tana murza man da babban yatsanta har ya shige. Ƙaiƙayin ya sake kwantawa. Amma gashi ya fara zuwa a mataji, ba sili-sili ba, dunƙule-dunƙule. Takan tattara shi da sauri ta cusa a aljihun zaninta don kada yarinyar ta gani. A kiran Asabar ta sa wa Takwara wata hular ulu, ta ce wa 'yarta yarinyar ce ta nace sai ta sa, kin san halinta. 'Yar ta yi dariya ta ce to a cire ta ga kitso. Sista ta ce layin yana yankewa, ba ta jin ta sosai, ta kashe wayar. Ta daɗe zaune da wayar a cinyarta. Ba ta taɓa yi wa 'yarta ƙarya ba sai ranar.

Ran Laraba aka dawo da Takwara daga makaranta tun kafin a tashi, da takarda a jakarta. Malamar aji ta rubuta cewa kada ta dawo sai da shaidar likita. Sista ta karanta takardar a tsaye, ta ce wa bango wai ita za a koya wa, ita da ta ga abin da malamar ba za ta taɓa gani ba. Sannan ta zare hular. Wurin da ke saman kunne ya kumbura ya yi tudu kamar rabin lemo, ya yi luguf-luguf, ƙananan ramuka a jikinsa suna fitar da ruwa mai kauri. Gashin da ya rage a kansa da ta ɗan taɓa sai ya biyo yatsanta ba tare da ta ja ba. A bayan kunne kaluluwa ta fito. Yarinyar da ba ta yin shiru ta yi shiru, ta ce kanta ya yi mata nauyi.

Da yamma 'yarta ta aiko saƙo cewa an ba ta hutun kwana biyu, tana tafe ƙarshen mako mai zuwa. Kwana tara ke nan.

Washegari da hantsi Sista ta yanke shawara. Ƙurji ne ya nuna, ta gaya wa kanta, kuma ta ga yadda ake yi wa ƙurji sau ba adadi: a tsaga, a matse, a wanke, a rufe. Kafin kwana tara ya kame. Ta ɗora ƙaramar tukunya, ta jefa sabuwar reza a ciki, ta bar ta ta tafasa minti talatin cif, don ko a wannan halin ba ta iya karya dokarta ba. Ta shimfiɗa farin tawul a bakin taga, ta jera auduga da bandeji, ta ɗaura farin kallabinta. Ta kira yarinyar ta zaunar da ita a tsakanin ƙafafunta, inda suke kitso.

“Kaka, tiyata za ki yi mini?”

“Ƙarama ce. Rufe idonki, ki ƙirga zuwa goma.”

Takwara ta rufe ido ta fara ƙirga. Ba ta ji tsoro ba ko kaɗan, don ita ma, kamar kowa, ta san Kaka ta san asibiti. Sista ta ɗaga rezar. Ta ga ya kamata ta tallafe kan da wani abu mai laushi, sai ta miƙa hannu ta jawo filon yarinyar daga kan gado. Idonta ya sauka a kan rigar filon.

Tabo ne rawaya-rawaya, ya bushe ya yi ƙarfi a gefe, da guntayen gashi manne a jikinsa. Cutar da ke kan jikarta ba ta san ta ba, amma wannan tabon ta san shi. Ta wanke irinsa. Shekaru da yawa baya, rigunan filo masu irin wannan tabon sun yi ta sauko mata daga ɗakin yara har tsawon wata guda, duk daga gado ɗaya. Da ta gaji ta tambayi shugabar ɗakin ko wane ne mai gadon, sai aka nuna mata wata yarinya mai kamar shekara bakwai da rabin kanta a naɗe. Shugabar ta ce a gida aka tsaga mata, suna zaton ƙurji ne, babu abin da ya fito sai jini, ciwo ya hau kan ciwo. Ranar da aka sallami yarinyar Sista na tura kekenta a baranda, ta ga kan ba bandeji. Fatar wurin ta yi sumul tana ƙyalli, kuma shugabar ta ce gashi ya yi sallama da wurin har abada.

“Tara,” in ji Takwara. “Goma. Kaka, kin gama?”

Sista ta mayar da rezar cikin tukunya. Ta ce mata ta tashi ta sa takalmi.

Ba ta taɓa shiga asibitin ta babbar ƙofa ba. Shekara ashirin da takwas ta ƙofar baya take bi, ta gefen ɗakin janareto. Mai gadin ƙofa tsohon abokin aikinta ne, ya washe baki ya ce a'a, Sista da kanta, yau an tuna da mu ke nan, ya kuma ce ta zagaya ta baya ya haɗa ta da wani ya duba mata yarinyar a tsaye, ba sai ta bi layi ba. Har ta juya ƙafa. Sai ta tuna cewa a tsaye ta koyi duk abin da ta sani, a baranda, da rabin kunne, kuma ga inda ya kawo ta. Ta gode masa, ta je ta yanki kati, ta zauna a benci a bayan mutum goma sha huɗu.

Awa uku suka yi a bencin. Takwara ta kwantar da lafiyayyen gefen kanta a cinyarta. Sau biyu keken zannuwa ya wuce ta gabansu, wata yarinya da ba ta sani ba ke tura shi, kuma Sista ta lura an ninke zannuwan a karkace amma ba ta da bakin magana. Man mai jan layi yana cikin jakarta. Ta sa hannu ta taɓa shi ya fi sau ashirin. Akwai kwandon shara a ƙarshen barandar, taku shida daga inda take. In ta jefa shi, za ta ce haka kawai ciwon ya fito, kuma wa zai ƙaryata tsohuwa mai farin kallabi? Ta lissafa takun, ta sake lissafawa, har aka kira lambarsu ba ta tashi ba.

Likitar ba ta kai 'yarta a shekaru ba. Ta sa safar hannu, ta zare hular a hankali, ta daɗe tana duba kan. Ta taɓa bayan kunne, ta duba wuya da hannaye da farata. Ta tambayi yaushe ya fara, ko akwai kyanwa a gidan, ko wani ya tsaga ko ya matse wurin. Sista ta ce a'a. Sannan likitar ta yi tambayar da Sista take jira tun daga benci.

“Mama, me aka shafa mata?”

Takwara ta ɗago za ta yi magana, sai Sista ta dafa kafaɗarta. In za a faɗa, ba daga bakin yarinya za a ji ba. Ta buɗe jaka ta ajiye man a kan tebur, an matse shi har ya lanƙwashe.

“Ni na shafa mata. Mako biyar. Sau uku a rana daga baya.”

Likitar ta juya shi ta karanta ƙananan rubutun nan. Ba ta yi faɗa ba, kuma Sista ta fi son a ce ta yi. Ta ce makero dangin funfuna ne, irin wadda ke kama tufa idan aka ajiye ta da danshi, sai dai wannan a fata da gashi take rayuwa. Man nan kuwa haɗi ne, kuma a cikinsa akwai sinadari mai ƙarfi da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi. Jan da ƙaiƙayin nan jiki ne ke faɗa da cutar. Idan aka kwantar da su, fata za ta yi kyau a ido, cutar kuma ta samu fili ta yi ta nutsawa. Ta ce makeron jiki ana iya maganinsa da man da aka yi don shi kaɗai, ba haɗi, a yi ta shafawa har bayan ya ɓace. Amma na kai yana shiga cikin silin gashi har saiwa, inda babu man da ke kaiwa, sai maganin sha. Kumburin nan ba ƙurji ba ne, kuma gara da ba a taɓa shi da ƙarfe ba.

Sista ta ji duk wannan, amma tambaya ɗaya ce a bakinta.

“Gashin zai dawo?”

“Ba zan yi maki alkawari ba, Mama. Yawanci yana dawowa in an sha magani yadda ya kamata. Inda saiwar ta mutu ba zai dawo ba. Sai nan da wata biyu ko uku za mu sani.”

Ta kankare ɗan ɓawon wurin da guntun gashi ta sa a takarda don gwaji. Ta ɗora yarinyar a sikeli, ta rubuta magani daidai nauyinta, ta ce kullum sau ɗaya, da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki, mako shida ba fashi, sannan a dawo ta duba ko za a ƙara. Ta rubuta sabulun wanke kai na musamman, sau biyu a mako. In yarinyar ta fara amai, ko idonta ya yi rawaya, ko ƙuraje suka feso mata, a dawo da ita ranar, kada a jira. Sannan ta kalli Sista ido cikin ido ta ce abin da ke kayar da mutane shi ne mako na uku: kumburi zai sace, kai zai yi kyau, kowa zai ce ta warke, sai a ajiye magani.

“Ya yi fari, amma bai cika lokacinsa a tukunya ba,” in ji Sista.

Likitar ba ta gane ba, sai da Sista ta gaya mata aikin da ta yi a ginin nan, a ƙasan matakala bakwai. Shi ne karo na farko cikin shekaru da ta faɗi sunan aikinta da bakinta. Likitar ta ce to ai an zo wurin, domin rabin maganin wanki ne: rigar filo, tawul, hula, kallabi, duk a tafasa, mataji da tsinke a jefar a sayi sabbi, kada wani ya yi amfani da na yarinyar. Ta kuma tambaya ko akwai wanda aka ba irin man nan. Sista ta ce akwai, maƙwabciyarta.

Daga asibiti ba ta shiga ɗakinta ba sai da ta ƙwanƙwasa ƙofar Maman 'Yan Biyu. Matar ta fito da jariri ɗaya a kafaɗa, kansa a kwance daidai kan damtsen. Zoben ya baje ya kai tafin hannu, ba ja, ba ƙaiƙayi, har tana yaba maganin. Sista ta ce ta ba ta kwalin. Ta ce ita ce ta yi kuskure, man ɓoye ciwo yake yi, ta je asibiti gobe da sassafe ita da yaran duka, kuma ta daina ɗora su a wannan hannun sai da riga. Matan tsakar gida uku suna wanke-wanke a wurin, duk suka dakata. Ta san kafin la'asar unguwa ta ji, kuma haka aka yi.

Kiran 'yarta ya fi wannan wuya. Ba ta jira Asabar ba. Ta kira ta bidiyo, ta cire hular da hannunta, ta juya mata kan kamar yadda ta saba juya mata kitso. Ta faɗi komai, har ƙaryar layi, har rezar. Can ɓangaren ana jin ƙarar injinan masaƙa a baya. Da 'yar ta yi magana ba ta ɗaga murya ba.

“Mama, ni na ce masu kin san asibiti.”

“Wanki na sani. Shi ma na bar shi na kama abin da ba nawa ba.”

'Yar ta zo a ranar da ta ce, ta ga kan da idonta, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. Kwana biyun nan ba ta yi wa uwarta magana mai tsawo ba. Da za ta koma ta tsaya a ƙofa tana kallon igiyar shanya, inda rigunan filo shida ke jere, da kalandar da ke bango inda aka soke kowace ranar magani da biro. Ta ce za ta riƙa kira kullum, ba Asabar kaɗai ba. Ba ta tafi da yarinyar ba, kuma Sista ta san ba yafiya ba ce tukuna.

Mako na uku ya zo kamar yadda likita ta faɗa. Tudun ya sace, ruwan ya tsaya, Takwara ta dawo da surutunta ta kuma fara tawaye. Ta gaji da madara, ta ce maganin yana da ɗaci, ta ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ta tofar a bayan ƙofa. Sista ta tsince ta, ta ɗauko wata, ta tsaya a kanta har ta haɗiye ta buɗe baki aka duba. Wata maƙwabciya ta ce a tausaya wa yarinya, ai ta warke, yawan magani ma illa ne. Sista ta tambaye ta ko idonta ne agogo.

Kullum da safe sai ta kai yarinyar bakin taga ta karkata kan zuwa haske. Wurin tsakiya da na ƙeya suka fara tsiro a mako na biyar, wani laushin gashi kamar na jariri. Na saman kunne kuwa shiru. Fata ce kawai, ja-ja, sumul, kuma duk lokacin da rana ta haska ta sai Sista ta tuna yarinyar nan ta barandar asibiti. Likita ta ƙara mako biyu, aka shanye. Aka ba da takardar komawa makaranta. A mako na tara ne ta ga ɗigo-ɗigon baƙi a gefen wurin, ta goge idonta ta sake dubawa, ta kira Maman 'Yan Biyu ta duba mata don ba ta yarda da nata idon ba. Gashi ne. Daga gefe ya riƙa cikowa zuwa tsakiya, mako bayan mako, tana auna abin da ya rage da yatsu: uku, biyu, ɗaya. A ɗaya ya tsaya.

Wata shida ke nan yanzu. Likita ta duba ta ce wannan ɗin ya zauna ke nan. Wuri ne a saman kunnen dama, daidai faɗin babban yatsan Sista, yatsan da ta riƙa murza man da shi. Gwangwanin yana nan a saman kwaba, amma ta kai abin da ke cikinsa asibiti an zubar, yanzu mataji biyu ne a ciki da tsinken kitso da zare. Ta ƙirƙiro wani kitso da ke kwantowa ta dama ya rufe wurin, har wasu mata na tambayar sunansa.

Asabar ɗin da ta wuce suna bakin taga, ta tsefe kan ta zo daidai wurin, sai aka yi sallama. Wata baƙuwa ce da ta tare a layin kwanan nan, riƙe da hannun 'yarta mai susar wuya. Ta ce an ce mata nan ne gidan Sista.

Takwara ta riga ta buɗe baki za ta ce e. Sista ta ɗora yatsanta a kan wurin, ya rufe shi ruf.

“Mai wanki ce a nan, 'yar nan,” ta ce. “Zo ki ga wani abu tukuna, sannan in kwatanta maki ƙofar da ake yankar kati.”

Ta ɗaga yatsan.